Ɗan Birin Dutsen Ɗa'if

Na manta abubuwa da yawa na zamanmu a unguwar Karantina ta Jidda, har sunayen wasu maƙwabta sun ɓace mini, amma shekarar da muka yi jinyar ɗan biri tana nan daram a raina.

Lokacin ina da yara biyu, muna zaune da surukata a gidan katako da kwano. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko rumman da inabi daga Ɗa'if zuwa Jidda. Wata rana ya dawo da wani abu a naɗe cikin rawaninsa. Na ɗauka tsaraba ce, ina buɗewa sai ga idanu biyu suna kallona. Ɗan gwaggon biri ne, irin waɗanda ke zama garke-garke a kan duwatsun hanyar. Mota ta buge shi a ƙafa, garken ya watse ya bar shi.

Na ce a fitar mini da shi. Surukata, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta harare ni ta ce, "Ke, baƙo ne ya sauka. Ƙafarsa za ta warke, mu mayar wa uwarsa abinta. Wannan alkawari ne na ɗauka."

Inna ba ta iya kula da rai rabi da rabi ba. Ta ɗaure ƙafar da tsumma, ta goya shi a baya. Da ya ƙi cin komai, sai ta yi masa abin da take yi wa jarirai: ta tauna dabino, ta ɗebo da yatsa ta sa masa a baki. Shayi ma a kofinta yake kurɓa. Matan unguwa suna tsokanarta wai ta yi auta da tsufa, ita kuwa ko a jikinta. Har ni da na ƙi shi na koma ajiye masa ayaba a ɓoye. Kai, mun yi dariya a gidan nan!

Ƙafar ta warke, har an fara maganar ranar tafiya dutse. Sai ya soma tari. Ya daina hawa katanga, ya rame, ya riƙa lafewa a gindin randa. Inna ta ce iskan teku ne bai karɓe shi ba, a yi maza a kai shi gida. Maigidana ya ce a bari likitan dabbobi ya gan shi tukuna. Akwai wani Bahaushen Sudan da ke duba raguna idan jiragen ruwa sun sauke su, mutum mai sanyin magana. Can muka je mu uku, biri na bayan Inna.

Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya yi masa gwaji, ya ce mu dawo. Da muka koma, bai ko kalli birin ba. Inna ya tsura wa ido, don ta yi ɗan tarin nan nata da muka saba ji har mun daina jinsa.

"Ya Hajja, tarin nan ya daɗe?"

"Na tsufa ne, ɗan nan."

"Da me kike ba shi abinci?"

"Da bakina mana. Da me ake ba yaro?"

Sai ya ce tarin fuka ne a jikin birin, kuma kusan tabbas a wurinta ya ɗauka. Ya ce ita da mu duka mu tafi asibitin ƙirji. Inna ba ta tsaya kan nata ba, ta ce to yaushe za a kai shi dutse.

"Mamnu'u, Hajja, ba za a kai shi ba. In ya hau dutsen nan, uwarsa ce za ta fara rungumarsa. Daga ita sai 'yan'uwansa, sai garken duka. Can babu likita. Halas, shi ke nan, za su ƙare."

Inna ta kwance goyon a hankali, ta miƙa shi, yana riƙe da bakin mayafinta har sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Ta ce, "Gara uwarsa ta rasa ɗaya." A hanya ta yi kuka, ni ma na yi.

Bai daɗe a wurin likitan ba ya mutu. Inna ta kwanta asibiti, ta sha magani mai tsawo, ta warke. Yarana Allah ya tsare su. Amma da ta dawo gida, da hannunta ta ɗaura jan zare a kofinta, ta rataye shi can sama. Ƙaramata takan miƙa hannu tana kuka tana son kurɓa, Inna ta juya baya ta shanye shayinta ita kaɗai, hawaye na zuba.

Yanzu ni ce tsohuwar gida, kuma duk ranar da mura ta kama ni jikoki sukan ce na cika gudun mutane. Ba su sani ba. A wurin Inna na koyi cewa wani lokacin wanda ka fi so shi za ka hana kofinka, kuma wannan ya fi bayarwa ciwo.