Rubutun Jikin Kwalin Gilashi

Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Turaki. Da furfurata nake zama a benci, ina haɗa baƙi da wasali a hankali. A gida kuwa an ɗauka na zama malami. Duk takardar da ta shigo, ni ake miƙa wa.

'Yata ta biyu tana da farfaɗiya, amma ba ma kiran sunan ciwon. Sau biyu ta faɗi tana ƙarama, duka a mota a hanyar gonarmu ta garin Mutum Biyu, da hantsi, lokacin da rana ke ratsowa tsakanin bishiyoyi tana wal-wal a fuska. Uwarta ta ce iskokin hanyar ne. Muka daina zuwa da ita gona. Ciwon ya yi shiru shekara shida, muka ce an rabu.

Washegarin Sallah na raka ta kasuwa. Wani mai shagon waya ya kawo gilashin nan da ake ɗaurawa a ido, mutum ya ga kansa a wata duniya. 'Yan mata sun yi layi suna ta dariya.

Ta ce, "Baba, sau ɗaya kawai."

Na tambayi mai shagon ko abin yana cutarwa.

"Bappa, ga kwalinsa, duba da kanka. Ai na ga biro a aljihunka."

Akwai ƙananan rubutu a gefe. Kowane harafi na san shi. Na haɗa su a bakina, suka ƙi zama magana, don Turanci ne. Ita kuma tana kallona yadda ta saba in na riƙe takarda. Na mayar da kwalin na ce, "Babu komai."

Ba ta daɗe da sakawa ba ta sandare, ta kife, jikinta ya kama karkarwa, yawu na fita a bakinta. Layin ya watse. Wata ta ja 'yarta tana cewa kada yawun ya taɓa ta. Wani dattijo ya karɓo cokali wurin mai abinci.

"Buɗe bakinta, kar ta haɗiye harshe."

Na buɗe, ya tura. Na ji ƙarar haƙori. Na cire hulata na sa mata ƙarƙashin kai, ina kiran sunanta. Iyakar abin da na iya ke nan.

A asibiti wata nas ta zaunar da ni. Ta ce akwai masu farfaɗiyar da haske mai walƙiya ke tayar musu da ita, ko na gilashin ne, ko na rana tsakanin bishiyoyi. Ta ce yawu ba ya yaɗa ciwon, kuma ba a sa komai a baki, kwantar da mutum ake ta gefe. Sai ta ƙara da cewa yawanci ana rubuta gargaɗin a jikin kwalin. Na sunkuyar da kai.

Haƙorin 'yata na gaba ya gutsure. Yanzu in za ta yi dariya, mayafi take ja ta rufe baki. Ba a ce mana za ta warke ba, an dai ce ta riƙa shan magani.

Da muka dawo gida ta miƙo mini takardar cikin kwalin maganin.

"Baba, me suka ce?"

Turanci ne. Na daɗe riƙe da ita.

"Ban iya wannan ba," na ce. "Gobe mu kai wa malamar ajinmu."

Ta karɓa, ta ninke, ta mayar cikin kwalin.