Muryar Inna a Kan Dutsen Niƙa

A Gusau wasu kaset-kaset suka zo hannuna, cikin kwalin wani malamin makaranta da ya rasu. A zamaninsa yakan zaga ƙauyukan Bunguɗu da rikoda, yana ɗaukar waƙoƙin daka da na niƙa. Iyalinsa suka ba ni, wai tunda na yi jami'a zan san yadda ake adana su. Ban tabbata na sani ba. Na dai riƙa kwafe su a kwamfuta ina fargabar kada zaren ya tsinke, da niyyar in sa su a intanet kowa ya ji.

A cikin wani kaset na ji wata murya. Siririya ce, ta ƙuruciya, dutse na gurzar gero a ƙarƙashinta, amma ina ganin ko a barci zan gane ta. Inna ce, kakata, tun tana Bunguɗu. Kuma sunan babana take kira, tana yi masa kirari, tana roƙa masa dogon rai.

Babana ne ɗan farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ya shigo gaishe ta kuma ta kau da kai. Ban ga ina da ikon sakin wannan waƙa ba sai da izininta, kuma na san tana iya cewa a goge. Na hau mota zuwa Tsafe, inda take zaune yanzu.

"Mijin banza, ka zo hannu rabbana," in ji ta.

Na kunna mata a waya. Can na ga hannayenta suna kai da komo bisa tabarma, kamar dutsen yana gabanta.

"Wagga yarinya ba ta da kunya," ta ce da waƙar ta ƙare.

"Inna, ko in goge? Na so mutane su ji, amma in ba ki yarda ba..."

"Wancan ya ji?"

"A'a."

Ta daɗe tana gyara bakin zanenta.

"Fara kai mai, sannan ka ba duniya. Kada ka ce ni na aiko ka."