Zakaran da Ya Yi Cara a Waƙar Yaya

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da yammacin da zakara ya yi cara a ɗakin taro a Potiskum, ya tafi da sana'ar yayata.

A shekarun casa'in ne, lokacin da finafinan bidiyo suka fara shigowa daga Kano. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwar Dogo Tebo, Yaya ce tauraruwarmu. 'Yar wan babana ce, ɗaki ɗaya muka tashi. Allah Ya haɗa mata biyu, ta iya wasa ta iya waƙa, ita ke tsara abinta tana kaɗa ƙwarya. Ni 'yar amshi ce kawai, muryata kuwa a dai rufa wa juna asiri. Akwai wasan da take fitowa a matar da mijinta ya bi motar shanu Kudu bai dawo ba. In ta ɗauko waƙar jiransa, har dillalan shanu, da ba a san su da tausayi ba, sai ka ga suna share ido da bakin rawani.

Sai maƙoƙo ya fito mata. Aka yi mata aiki, aka cire, muryar ta dushe. Magana tana fita da ƙyar, waƙa kuwa babu. Likita ya ce wataƙila ta dawo, Yaya ta riƙe wataƙilan nan hannu bibbiyu.

Ana haka labari ya zo cewa wani mai shirya fim daga Kano zai zo kallonmu, yana neman mace mai wasa da waƙa. Abin da Yaya ta yi shekaru tana jira ke nan. Shugaban ƙungiyarmu ya ce ta haƙura a sa wata, ta ce atafau. Muna da kaset ɗaya tak na waƙar, wanda aka ɗauka wata safiya a tsakar gidanmu tun tana lafiya. Ta ce a ɓoye rediyo bayan labule a haɗa da lasifika, ita sai motsa baki.

“Yaya, in asiri ya tonu fa?” na tambaye ta.

“Ke dai yi amshinki. Kafin a fara ɗaukar fim ɗin muryata ta dawo.”

Mun saurari kaset ɗin nan har ba iyaka wajen gwaji. Wallahi mun saba da shi har kunnuwanmu sun daina jin cewa a tsakiyar baiti na biyu zakaran gidanmu ya yi cara.

Ranar, bayan la'asar, ɗakin ya cika maƙil, har da 'yan Fika. Baƙon yana zaune a gaba. Wasa ya yi kyau, dushewar muryar ma ta dace da mace mai kuka. Aka zo waƙa, Yaya ta durƙusa, muryarta ta da ta cika ɗakin, mutane suka yi tsit. Har na fara cewa a raina mun tsira. Sai cara ta fito daga lasifika, tangaran.

Wani daga baya ya ce, “Malama, a maƙogwaro kike kiwon kaji?”

Ɗakin ya kece da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ba ta gudu ba. Ta ɗaga hannu aka kashe rediyon, ta gyara gyalen da ke rufe tabon wuyanta, ta ɗauko waƙar da bakinta. Abin da ya fito kamar ana yaga tsohon zane. Tana yi tana tari, ni ina amshi hawaye na shiga mini baki, har ta kai ƙarshen baitin. Dariya ta mutu, amma shirun da ya biyo baya ya fi ta ciwo.

Baƙon bai ci mutuncinta ba. Ya ce, “Baiwar Allah, wasa kam kin iya. In murya ta dawo ki neme ni.”

Da muka zo ƙofar gida, Yaya ta ce, “Wai ina zakaran nan yake?”

“Ai mun cinye shi tun Sallar bara, Yaya.”

“To, ya rama,” in ji ta, ta shige ɗaki.

Muryar ba ta dawo ba. Ta ɗan taɓa fitowa a maƙwabciya ko tsohuwa mai zaman makoki, daga baya ta bari, ta koma ɗinkin hula. Ta yi aure a Damagum, a can ta rasu, Allah Ya jiƙanta. 'Ya'yanta ba su taɓa jin ta rera ko waƙar reno ba.

Mutane sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ban musa ba. Amma ni abin da na koya shi ne baiwa aro ce, Mai ita yana karɓar abinSa ba shawara, kuma wanda aka karɓe wa, tausayi yake buƙata, ba dariya ba. Kaset ɗin yana wurina har yau. In na kunna, carar nake jira, domin daga ita sai muryar Yaya ta ɗan yi rawa, tana danne dariya, ba ta san abin da ke gabanta ba.