An aike ni in ga ko ƙanena ya zama boka

Ana sallame sallar asuba muka bar Illela a bayan motar albasa, ni da wani abokin fataucina da zai sauka Gusau. Ba kasuwa ce ta fitar da ni ba wannan karon, aiken Baba ne. Wani mai goro ɗan Amarawa ya dawo daga Ibadan da labarin cewa ya ga ƙanena, wanda ke karatun lissafi a jami'a, yana huda takardu yana miƙa wa wani ƙarfe, washegari ƙarfen ya ba shi amsa. Baba kuwa malami ne, makarantarsa ta girme ni, ya ce wannan ai duba ne ko da wane suna aka kira shi. Ya ce in tafi in gani da idona, in duba ne in taso yaron gaba mu dawo tare, karatun ya ƙare ke nan.

Hanyar Sakkwato ba ta canza hali ba, rami ya miƙa ka ga rami. Kafin mu kai Gwadabawa na zama albasa ni ma, har wata tsohuwa da ta hau a hanya ta matsa nesa da ni. Daga Sakkwato muka sake mota zuwa Gusau, inda na sha furar da ta fi ta gida tsada ta kuma kasa ta daɗi. Can muka rabu da abokina, na shiga jirgin ƙasa. A jirgi na zauna kusa da wani ɗan kasuwa da ya yi ta ba ni labarin siyasa tun daga Zariya, ni kuwa ina gyaɗa kai ina tunanin jakina. Jakin nan ya ɓace mini a hanyar Ƙwanni kafin azumi, kuma gaskiya a raina na ce in dai ƙarfen na duba ne, to kafin in taso yaron sai na tambaye shi inda jakina yake.

Da muka hau gadar Jebba na rufe ido ina salati, don ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka a ƙarƙashina ba. Daga nan ƙasa ta koma kore shar, mata na tallar ayaba da dafaffen ƙwai ta taga, ayabar da za ka ci ka ƙoshi a kan kwabo. Ibadan kuwa gari ne da ba ya ƙarewa, rufin kwano mai tsatsa iyakar ganinka. Na sauka a Sabo, unguwar Hausawa, wajen wani mai masaukin 'yan goro, aka kawo mini amala, tuwon Yarbawa, da miyar da ta sa na yi hawaye kamar an yi mini rasuwa.

Da safe ƙanena ya zo ya ɗauke ni. Ya rame, amma ya yi murna har ya rasa inda zai sa ni. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai murnar ta koma ciki. Ya ce in zo in gani kawai, yau ma yana da aikin da malaminsu ya ba su.

Ɗakin ƙarfen, wanda suke kira kwamfuta, sanyi gare shi kamar randa. Ba a barin ɗalibai su taɓa shi, ta gilashi ake hangensa, akwatuna ne manya suna gurnani. A wani ɗaki na gefe ƙanena ya zauna gaban wani abu mai kama da keken rubutu, yana bugawa yana huda kwalaye ƙanana. Ya ce kowane kwali umarni ɗaya ne: ɗauki wannan lamba, haɗa ta da waccan, rubuta abin da ya fito, koma ka sake. Aikin da aka ba su shi ne su sa ƙarfen ya jera lambobi yana haɗa su har zuwa wani wuri. Na ce wannan ai yaran makarantar Baba ma za su yi shi. Ya ce e, amma su sun san abin da ake nufi, shi kuwa ƙarfen sai an tauna an sa masa a baki.

Na duba babu mai jinmu, na matso na ce, "To ka tambaye shi jakina."

Ya dube ni, ya fashe da dariya har wani Bature ya leƙo. "Yaya, wanga abu bai san jaki ba, bai san Illela ba, ko sunanai bai sani ba. Abin da ka hwaɗa mai ɗai shika yi."

Na ji haushi ƙwarai, don na sa rai. Muka miƙa kwalayen ta wata 'yar taga, aka ce mu dawo gobe.

Washegari muka tarar da mai kula da ɗakin yana jiranmu da fuska a ɗaure da tulin takarda a hannu, doguwa kamar rawani. Ashe ƙanena ya gaya wa ƙarfen ya ƙirga, ya manta bai gaya masa inda zai tsaya ba. Shi kuwa ya kama ƙirga yana bugawa, yana ƙirga yana bugawa, ba don mutumin ya kashe shi ba da har yanzu yana nan yana yi. Ƙanena ya ji kunya a gabana, ni kuwa na riƙe ciki ina dariya. Ya ƙara kwali ɗaya, muka sake miƙawa, kashegari amsa ta fito daidai a rabin shafi. Yadda ya rungume takardar nan ka ce an yi masa haihuwa, sai na ji tausayinsa ya kama ni. Na roƙi mai kula da ɗakin ya bar mini doguwar, na naɗe ta na sa a jaka.

Ya rako ni tasha bai tambaye ni abin da zan faɗa wa Baba ba, ni ma ban ce komai ba, don ba ni ke yanke hukunci a gidanmu ba. Dawowa ta fi tafiya sauƙi, sai dai motar da na samu daga Sakkwato ta fatu ce, na gwammace albasa.

Na iso bayan la'asar, Baba na zaure da ɗalibansa. Na gaishe shi, na warware takardar tun daga bakin tabarmarsa har ƙofar gida, na ba shi labari daga farko har ƙarshe, har da maganar jaki. Ya daɗe yana bin lambobin da ido.

"Ke nan ba shi hwaɗin abin da ka ɓoye?"

Na ce ko na fili ma sai an gaya masa.

"To wa ka koya ma wani, shi ko yaron?"

Na ce yaron ke koya masa, kullum daga farko, don ba ya riƙe karatun jiya.

Baba ya yi murmushi ya dubi yaransa. "Ashe malanta ya tai yi. Kuma an ba shi daƙiƙin da ya hi nawa duka. Ku bar shi, shi sha abin da ni sha."

Tafiyar nan ta koya mini cewa labarin mai goro a auna shi kafin a saya, kuma jakin da ya ɓace ƙafa ke nemansa. A daren na sa aka rubuta wa ƙanena cewa ya ci gaba da karatunsa, Baba ya ce a gaishe da ɗalibin nasa na ƙarfe.