Zuwana Tambuwal Kallon 'Yan Kokawar Japan

Fakku zuwa Kebbe

Ana kiran assalatu munka fita Fakku, ni da Labbo. Wanda bai san Labbo ba, shi ne wanda nit tiƙa da ƙasa gaban uwayenai a zamanin da nika kokawa. Saƙo ne yaz zo cewa wani malami daga Sakkwato zai zaɓi jagoran samarin ƙasarmu da za su Kaduna kokawar bikin 'yancin kai, kuma ya taho Tambuwal da majigi. Ni da shi anka kira. Ban taɓa ganin Kaduna ba, kuma na san wannan ce damata ta ƙarshe.

Labbo bisa jakinai, ni a ƙasa. Jakin nishi shika yi.

"Dikko, ka gaji? Zo in goya ka."

"Ka ji tausayin bawan Allah da ka danne," nic ce.

Kebbe zuwa Tambuwal

Da hantsi munka samu motar gyaɗa. Yaron mota ya dubi tumbin Labbo yac ce, "Baba, kai gaba, kar ka fasa muna buhu." Ni anka jefa ni bisa kaya. Wurin 'yan doka ma shi sunka gaisar, ni sunka ce in buɗe jakata. Da la'asar munka sauka gidan wani mai jimar fata, munka sha fura mai tsami.

Majigi

Bayan magariba anka kafa farin ƙyalle a filin makaranta. Mai bayani yac ce waɗanga 'yan kokawar Japan ne, sunan wasan sumo, an ɗauke su a jirgin sama zuwa Amurka don a gan su. Jirgin sama! Ni kokawa ba ta taɓa ɗora ni ko bisa keke ba.

Ƙattai ne, kowa da bante mai kauri da tukku. Akwai mai gyara musu gashi, akwai mai dafa musu abinci. Kafin su kama sai su tattaka ƙasa, su watsa gishirin da zai ishi gidana wata guda. Kokawar kuwa, kan ka tofar da goro an gama. Amma wanda yak kayar ba ya kirari, rusunawa shika yi ya fita. Wannan kam ya burge ni, duk da raina na ƙuna.

Da safe malamin ya dube mu, ni kamar kara, Labbo kamar rumbu.

"Kun dai ga irin jikin da duniya ke so. Labbo, kai za ka kai su."

"Ranka ya daɗe, tambaye shi wa ya kayar da wa," nic ce.

"A Kaduna ido ke fara gani, Baba."

Komawa

Mota ta sauke mu Kebbe, inda Labbo yab bar jakinai. Sai da munka rage mu biyu a hanyar Fakku Labbo ya sauko daga jaki.

"Dikko, don Allah ka horar min da yaran nan. Ni kamun ƙafa ban iya ba, ka sani."

"Sake faɗi, kunnena ya yi nauyi."

Ya sake faɗi.

Mun iso gida lafiya da la'asar, alhamdu lillahi, na kuma gode wa mai jimar da ya saukar da mu. Kaduna ta wuce ni. Amma ba zan bari a tiƙa ɗiyan Fakku da ƙasa a garin mutane ba, don haka kullum da yamma ina fili da su. Labbo ke ɗebo muna ruwa.