Na'urar Ƙyanƙyasa Ta Warke Ba Magani

"Har yanzu yana ciki?"

"Yana ciki. Tun safe yake zagaye teburin nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Ai kazar ce ta ja masa. Ƙwan yayarsa aka dafa."

"A tukunya?"

"A na'ura, malam. Wadda ya haɗa da hannunsa."

Yana jin su sarai, don katako ne kawai ya raba shagonsa da na tela. Mazari suke ce masa a layin, saboda ba a taɓa ganin ya zauna ya shanye shayinsa da zafi ba. Da gyaran rediyo ya fara tun yana ɗan saurayi. Daga baya ya gaji da gyara abin da wasu suka ƙera, ya koya wa kansa rubuta manhaja, irin wadda ake ɗura wa ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa kamar ta sauro. Ya yi wa masu gidaje ƙararrawar tanki, ya yi wa mai burodi agogon tanda. Da yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta shiga kiwon kaji, ita ya yi wa gwanintar da ta fi kowacce: akwatin ƙyanƙyasa mai auna zafi, mai aiko mata saƙo a waya.

Akwatin ya yi ta fitar da 'yan tsaki lafiya lau, har ranar da ya ƙure wuta ba gaira ba dalili. Ko ɗaya bai fita ba.

Mazari ya san irin ciwon, inda yake ne bai sani ba. Manhaja aron gurbi take yi a ƙwaƙwalwar na'ura, ta ajiye abu, in ta gama ta mayar. To wani wuri a cikin rubutunsa an mayar da gurbi amma ana ci gaba da leƙa shi, kamar ɗan haya da ya tashi bai ba da makulli ba. In ɗakin na nan wayam, ba wanda zai sani. Ranar da sashen aika saƙo ya tare a ciki ya zuba kayansa, sai sashen zafi ya leƙa ya karanto shirme, ya ɗauka sanyi ake yi. Harshen kwamfutar da yake rubutun da shi kuwa bai yi wa kowa alkawari a kan irin wannan ba. Na'ura tana iya yin daidai, tana iya haukacewa, duk cikin ƙa'ida.

Ya sa akwatin a kan tebur ya matsa masa da saƙonni, har ya sake ƙure wutar a gabansa. Ya yi tsalle. Nan take ya ƙara layi ɗaya a rubutun manhajar, wanda zai riƙa nuna masa abin da ke cikin gurbin. Ya kunna. Shiru. Zafi daidai, fanka na juyawa. Ya cire layin, ciwo ya dawo. Ya mayar, ya ɓace.

"Kai, wannan ɓarawo ne mai sanin maigadi," in ji shi, ya fita ƙofa, ya dawo, ya ɗauki kofi, ya ajiye.

Ya gane abin da ya faru. Layin ya ɗan gusar da jerin guraben ne kawai, sabon ɗan haya ya faɗa wani ɗakin. Makullin na nan a hannun da bai dace ba.

Ana haka sai ga Yaya da kiret-kiret na ƙwai a kai, tana haki. Ta sauke a kan bencinsa, idonta ya sauka kan koriyar fitilar akwatin.

"Auta, ashe ka gyara! Shi ne ba ka kira ni ba?"

"Ban gyara ba, Yaya."

"Ga ta tana aiki."

"Tana aiki ne don ina kallonta."

"To ka ci gaba da kallonta mana. Da wa kake kallo, ba mata ba 'ya'ya?"

Tela ya ƙyalƙyale daga bayan katako. "Gaya masa, Uwar Kaji! A bar layin nan a ciki. Wando in ya zauna a ƙugu, wa ke tambayar zare?"

Mazari ya tsaya cak, abin da ba ya yi. Gaskiya ne, in ya bar layin, akwatin zai iya shekara bai yi tari ba. Ciwon kuma zai iya tashi gobe, da saƙo ya ɗan fi na jiya tsawo. Ƙwan nan kuwa ba sa jira. Masu irin kirki ne, da ƙyar ta samo su, kuma kullum suka kwana a waje ƙarfinsu raguwa yake. Ya dubi hannunta, har ta fara ɗaga murfin akwatin.

Ya dafa murfin ya mayar da shi a hankali.

"Yaya, don Allah kar ki zuba su a nan. Mu kai su akwatin maƙwabciyarki, ni zan ɗauka, ni zan roƙe ta. Wannan ki bar min shi babu komai a ciki, har sai na kama abin da idona."