Goggo Asabe da Kalmar da Take Rubutawa da Sukari

Ranar ashirin ga watan azumi, da hantsi, ina duba littattafan yaran da nake koyarwa, sai Balaraba ta kira ni. Ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba. "Malama, Goggo ta cika." Na yi salati, na ajiye jan biro. Bayan Azahar aka sallaci mahaifiyarta, Goggo Asabe, a Masallacin Harami na Makka, tare da wasu bayin Allah da ba mu san ƙasashensu ba.

Na san Goggo tun shekarar da na biyo maigidana Makka karatu. Na buɗe ɗan aji a falonmu ranakun hutu, ina koya wa 'ya'yan Hausawa karanta harshensu, domin yawancinsu a nan aka haife su, Larabci ne a bakinsu. Ajin bai yi armashi ba. Wata rana Goggo ta rako jikarta Ruƙayya, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon yadda yaran ke hamma. Da aka tashi ta ce, "Malama, kina da ilimi, amma haruffanki babu zaƙi. Ki turo mini su ranar Sallah."

Gidanta a lokacin yana can saman dutse a unguwar Nakkasa, sai mutum ya huta sau biyu kafin ya kai. Ta yi shekaru tana girki a gidan wasu Larabawa, a can ta koyi gashin biskit. Kwana uku kafin ƙaramar Sallah take farawa, da zarar an idar da Asuba, kafin zafin Makka ya narkar da bota. Tana azumi, ba halin ɗanɗanawa, da yatsa take gane kwaɓi ya yi. Abin yankan ma ita ta lanƙwasa shi daga gwangwanin madara, siffar ɗaki mai rufi. Idan biskit ya huce sai ta kaɗa garin sukari da farin ƙwai da ruwan lemon tsami, ta shafe samansa fari tas. Sauran kwaɓin sukarin ta sa masa kala, ta ɗura a leda, ta huda bakin da allura, ta yi rubutun ajami: ruwa, uwa, tuwo, gida. Idan na matsa mata da surutu sai ta ce, "Yi shiru, 'yar nan, sukari ba ya son gaggawa."

Dokarta ɗaya ce. Duk yaron da ya karanta abin da ke kan biskit, nasa ne. Yaran da ke gudun littafina suka koma roƙona in ƙara musu darasi tun watan Sha'aban.

A Sallar farko ne abin ya faru. Ruƙayya, tana da shekara bakwai, ta ɗauki mai kalmar gida. A ajaminmu, harafin da muke fara gida da shi, Larabawa daga maƙogwaro suke furta shi. Yarinya ta karanta yadda aka koya mata a makarantar gwamnati, ta ce "ghada", wato abincin rana. Yara suka fashe da dariya. Goggo ta yi ƙoƙarin gyara zancen. "Ai ba ki yi ƙarya ba, ƙawata. Inda ake ajiye miki abincin rana, nan ne gida." Amma an makara. Ruƙayya ta ajiye biskit ɗin, kuma daga ranar ba ta ƙara yin Hausa a gaban kowa ba. A yi mata magana da Hausa, ta amsa da Larabci.

Ni da na karanci tarbiyya na ba da shawara iri-iri. Na ce a ba ta biskit ɗin kawai, a wuce wurin. Goggo ta ƙi. Ba ta karya dokarta ba, ba ta kuma taɓa yi wa yarinyar faɗa ba. Kowace Sallah sai ta ware guda ɗaya mai kalmar gida, ta ɗora a kan firji.

"Ƙawata, ga naki can yana jiranki."

"Ma abgha, ya Sitti," in ji Ruƙayya, wato ba na so, Kaka.

"Oho dai. Sukari ba ya ruɓewa, ni kuma ba na gajiya. Balarabiyar ƙarya, da hancinki irin na Gobirawa!"

Ruƙayya takan juya baya don kada a ga tana murmushi. Shekara takwas suna wannan wasa. Sau ɗaya Goggo ta gaya mini abin da ke ranta. Ta ce, "Malama, ba na so in mutu yarinyar nan ba ta da harshen da za ta yi mini addu'a irin ta gida."

Da aka shafa jan fenti a bangon gidanta, alamar rusau ya iso layinsu, mun je taya ta kwashe kaya zuwa unguwar Ka'akiyya. Mata suna kuka. Ita kuwa abin da ta fara sawa a jaka shi ne gwangwanin yankan nan. Ta ɗaga shi ta ce, "Ɗaki za su rushe. Gida ga shi a hannuna." A shekarar, yaran da rusau ya warwatsa sai da suka nemo ta ranar Sallah.

Bana, bayan addu'ar bakwai, Balaraba ta ce ba za a bar yara su zo su tarar da faranti wayam ba. Muka gasa, muka shafe da fari. Da aka zo rubutu na karɓi leda, amma haruffa suka dunƙule kamar tururuwa. Na ɓata guda shida. Ruƙayya tana tsaye a jikin firji. Sai ta miƙo hannu ta karɓi ledar. Ta riƙe numfashi yadda kakarta ke yi, ta ja layi. Ashe duk shekarun nan tana kallo.

Ranar Sallah yara suka cika falo. Habiba, 'yar autar ajina, ta ɗauki guda ta ce, "Ghada!" Dariya ta fara tashi. Sai muka ji muryar Ruƙayya da Hausa tsantsa, har da karin harshen Goggo: "Kada wanda ya yi mata dariya! Zo nan, Habiba. Gida ne. Ce gida." Habiba ta faɗa. Ruƙayya ta je kan firji ta ɗauko mai kalmar gida da ita kanta ta ware bana, ta karanta a fili, ta ci tana hawaye. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Kaka." Muka amsa da amin, Balaraba ta rufe fuska da mayafi.

Ya Allah, baiwarka Asabe ta zo gare ka da bakin azumi. Ka gafarta mata, ka haskaka makwancinta, ka sa zaƙin da ta sa a bakin yaranmu ya yi nauyi a mizaninta. Ka ba Balaraba da 'yan'uwanta haƙuri, ka yi wa Ruƙayya albarka, ka daidaita hannunta. An rushe wa Goggo ɗaki a Nakkasa ba ta yi ƙorafi ba. Ya Rabbi, ka ba ta gida a Aljanna, wanda babu mai shafa masa jan fenti. Amin.